Inda Harshe Yake Tsayawa: Nana Asma'u 'Yar Shehu da Zancen Lahira



Hutun zangon da ya wuce bai zo mini yadda na tsara shi ba. Na bar makaranta da niyyar in je gida Kara in yi sati biyu ina barci ina cin dafaffiyar gyaɗa, sannan in dawo in fuskanci karatu. Ranar da na hau motar Gwarzo a Kabuga ban san jinya zan je yi ba. Kwana tara na yi a gefen tabarmar kakata, ran na goma aka kai ta makwancinta. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

Saura kwana biyu ta rasu, can tsakar dare, ta tashe ni. Kishiya take ce mini tun ina goye, kuma da wannan sunan ta kira ni a daren. Ta ce an nuna mata wani abu. Fuskarta a sake take, babu alamar tsoro ko kaɗan. Ni kuwa 'yar zamani, maimakon in zauna in saurara, sai na lalubo waya na danna ɗaukar murya. Ta fara cewa kamar haske ne, sai ta ce a'a, ba haske ba ne. Ta ce kamar ƙamshin ƙasa ne idan ruwan farko ya sauka, nan ma ta girgiza kai. Daga nan ta yi 'yar dariya, ta ce in bar shi kawai, abin ba shi da suna a Hausa, in ba ta ruwa ta sha. Abin da wayata ta ɗauka bai kai minti ɗaya ba, rabinsa ma numfashi ne da kukan gyare.

Na dawo makaranta da haushin wannan abu a raina, kamar wadda aka miƙo wa ƙwarya aka janye. Da na ba 'yan ɗakinmu labari, kowa ta kawo nata. Mai karatun kimiyyar gwaje-gwaje ta ce ai sananne ne, idan iska ta ragu a ƙwaƙwalwa mutum yakan ga haske. Wata ta ce in daina irin wannan zance, gaibu ne. Ta uku ta buɗe mini bidiyoyin Turawan da suke cewa zuciyarsu ta tsaya a asibiti sun leƙa can sun dawo. Daga baya na gano wani likita Ba'amurke, Raymond Moody, tun 1975 ya tattara labaran irin waɗannan mutane a littafi, kuma cikin abubuwan da ya ce sun yi tarayya a kai har da cewa abin ba ya faɗuwa da baki. Sai dai na bidiyon, bayan sun ce ba ya faɗuwa, sai su yi minti arba'in suna faɗa.

Wani abu ne daban ya ja ni ɗakin karatu. A zaman makoki, bayan la'asar, wata tsohuwa maƙwabciyarmu takan rera waƙar wa'azi da wata irin tsohuwar Hausa, mata su yi tsit. Ta ce a bakin uwarta ta ji, kuma su a wurinsu duk irin waɗannan waƙoƙi na Nana ne. Na san sunan Nana Asma'u mana, wa bai sani ba? Sunan makarantu ne da ɗakunan kwanan ɗalibai mata. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi wace ce ita ba. To ga abin da na samo.

An haife ta a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, a 1793. Tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hassan, kuma bisa al'ada Hussaina za a sa mata, amma mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zaɓa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sauran matan Shehu suka riƙe ta. Gida ne da mace ba ta da uzurin zama jahila, don Shehu da kansa ya rubuta kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da Larabci, ta tashi da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci.

Akwai wani abu game da mahaifinta da ya kamata mu riƙe kafin mu ci gaba. A wani ɗan littafi da ake kira Wirdi, Shehu ya ba da labarin cewa yana da shekara 36 aka yaye masa wani hijabi daga ganinsa da jinsa da sauran gaɓoɓinsa, kuma da ya kai arba'in da 'yan watanni, wato wajen 1794 lokacin Asma'u tana goye, ya ga an kai shi gaban Annabi (SAW) tare da Shehu Abdulƙadir Jilani, aka rataya masa takobin gaskiya. Mutumin da ya rubuta littattafai sama da ɗari a kan tauhidi da shari'a da mulki, wannan babban al'amari 'yan shafuka kawai ya ba shi. A gidan da ake yin haka ta tashi: ana yawan rubutu a kan abin da za a koyar, ana taƙaitawa a kan abin da aka ɗanɗana.

Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a Fabrairun 1804. Mu a littafin tarihi layi ɗaya ne, mu haddace mu zuba a jarrabawa. A wurin yarinya kuwa barin gida ne, da tafiyar ƙasa, da kwana a bukka. An ci nasara a Tabkin Kwatto cikin wannan shekara, amma kafin ta ƙare aka yi Tsuntsuwa, inda jama'ar Shehu suka yi asarar rayuka masu yawan gaske, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin ɗari biyu. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa. Ga yunwa, ga cuta, ga tashi daga wannan sansani zuwa wancan, har aka ci Alƙalawa a 1808. Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a haka, ba sai an ba shi labarin mutuwa ba. Malaman da ta saba gani suna karatu da mahaifinta, da yawansu ba su dawo ba. Shekaru da yawa bayan haka ta bi sawun wannan tafiya zango-zango a waƙar da aka sani a Hausa da Waƙar Gewaye.

A cikin wannan hali aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Gida ne na baƙi da wasiƙu. Bature Clapperton ma da ya zo Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya karɓi baƙuncinsa. Kuma ta hannun Waziri ne al'amuran Kano suke isa ga Sarkin Musulmi, saboda haka labarin ƙasarmu ba baƙo ba ne a gidanta.

A Afrilun 1817 Shehu ya rasu a Sakkwato, ba a daɗe ba Hassan, abokin tagwaicinta, ya bi shi. Tana da shekara ashirin da huɗu. Daga nan ne fa aka fara jerin da bai tsaya ba har ƙarshen rayuwarta, don Allah Ya yi mata tsawon rai, mai tsawon rai kuwa shi ne mai binne mutane. Baffanta Abdullahin Gwandu ya rasu a 1829. Bello ya rasu a Wurno a 1837. Sai ɗan uwanta Buhari, sai mijinta Giɗaɗo, sai aminiyarta A'isha a 1855. Har ɗanta Abdulƙadir, wanda ya gaji mahaifinsa a waziranci, ya riga ta.

Kafin in zo kan abin da ta yi da wannan baƙin ciki, sai na faɗi aikin da aka fi saninta da shi, don su biyun a haɗe suke. Bayan yaƙi, ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno cike suke da mata waɗanda ba su da karatu, da yawansu ma kamammun yaƙi ne da aka raba da garuruwansu, wasu sun rasa maza da 'ya'ya, kuma bori ne abin da suka sani na neman sauƙin zuciya. Ba a cika faɗin wannan ɓangare ba idan ana bikin tarihi, amma in aka cire shi ba za a gane dalilin aikinta ba. Sai ta tsara abin da ake kira 'Yan Taru. A kowane yanki ta zaɓi dattijuwa amintacciya ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani don kowa ya san matsayinta. Jaji takan jagoranci ayarin tsofaffin mata da ƙananan 'yan mata su tako har wurinta, su koyi karatu a waƙe, su koma su koya wa matan aure da ba sa fita. Ba allo, ba takarda, sai ƙwaƙwalwa da murya. Mu da muke kukan babu majigi a aji, sai mu ɗan yi shiru a nan.

Wannan ne ya sa take raba harsunanta. Larabci na malamai ne, Fulatanci na dangi da jama'ar Shehu, Hausa kuwa ta talakawa ce da waɗannan mata. Waƙar mahaifinta ta Fulatanci mai gargaɗin masu mulki da azabar wuta, ita ta mayar da ita Hausa, aka san ta da Tabbat Haƙiƙa, ƙaninta Isa kuma ya yi mata tahamisi. Da Bello ya rubuta littafi da Larabci a kan salihan mata, ita ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa, ta ambaci irin su Rabi'atul Adawiyya, ta kuma ƙara da matan da ta sani da idonta a jama'ar Shehu. Ayyukanta da suka iso gare mu sun kai kimanin sittin.

To, a cikinsu akwai waɗanda kai tsaye zancen lahira suke yi, irin su Godaben Gaskiya ta 1842 da Sharuɗɗan Ƙiyama ta 1860, duka da Hausa. A nan Nana ba ta rage murya. Ana jin alamomin tashin duniya, da tsayuwar hisabi, da mizani da siraɗi, da wuta da abin da ke cikinta, da Aljanna da ni'imominta, komai da siffarsa kamar ana nuna maka da yatsa. Zan faɗi gaskiya, ni irin waɗannan waƙoƙi sun hana ni barci ina yarinya, kuma har yanzu ina ganin akwai masu wa'azin da suka ɗauki tsoratarwar suka yar da rahamar. Amma da na tuna su wa take yi wa magana, sai na sassauta. Macen da ta wuni tana daka da surfe a rana, idan za ka ba ta labarin wuta, da zafin da ta sani za ka fara. Idan za ka ba ta labarin Aljanna, da inuwa da ruwan sanyi da hutu za ka fara. Babu wata hanya, don kowane mutum da kalmomin gidansu yake fahimta. Kuma Nana ba daga kanta ta ƙirƙiro siffofin ba, daga Alƙur'ani da hadisi ta ɗebo su ta zuba a ma'aunin waƙa.

Sai dai malamar da ta san waɗannan nassoshi ta san ɗaya gefen ma. Ta san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, wanda ya nuna tanadin da Allah Ya yi wa bayinSa salihai ya wuce abin da ido ko kunne ko tunanin ɗan Adam ya taɓa kaiwa gare shi, da aya ta 17 a Suratus Sajda da take tafiya da shi. Ta san maganar da aka ruwaito daga Ibn Abbas cewa abubuwan Aljanna da na duniya suna kawai suka haɗa. Ta san aya ta 85 a Suratul Isra'i, inda aka tambayi Annabi (SAW) game da ruhi, amsar ta zo a taƙaice tare da tunatar da mu ƙarancin iliminmu. Wato addinin da ya siffanta mana lahira dalla-dalla, shi ne kuma ya gaya mana siffar ba ta kai abin ba. Ka ce inabi, ka ce zuma, ka ce ƙorama, duk aron suna ne.

Wani malaminmu da na kai wa wannan zance ya tura ni ga Imam Gazali, wanda malaman gidan Shehu suke yawan kafa hujja da shi, kuma har yau ake karanta littattafansa a zaurukan Kano. Labarinsa ya ba ni mamaki. A 1095, yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗaruruwa a gabansa, sai harshensa ya ƙulle. Ya zo zai ba da darasi, magana ta ƙi fita. Likitoci suka duba suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya ajiye muƙamin ya bar gari, ya yi kusan shekara goma a keɓe. Da ya dawo ya rubuta tarihin abin, sai ya bambanta tsakanin sanin ma'anar lafiya da kasancewa lafiyayye: likita mara lafiya ya san bayanin, amma ba shi da abin. Wannan sani na biyu shi ya kira zauƙi, wato ɗanɗano, ya kuma yi gargaɗin cewa wanda ya kai wani matsayi ya ce sai ya bayyana shi da kalmomi, kuskure zai shiga maganarsa ko ya so ko bai so ba. Amma ku lura, shi ɗin dai ne ya rufe Ihya'u, littafinsa mai kashi arba'in, da kashi guda cur a kan tuna mutuwa da abin da ke bayanta. Bai ce tunda ba ya faɗuwa a yi shiru ba. Ya faɗi abin da aka ruwaito, ya ja bakinsa a kan abin da aka ɗanɗana.

Da wannan a kaina na koma kan marsiyyoyin Nana, waƙoƙin da ta yi wa mamatanta, kuma a nan ne na ji kamar wata mace ce daban take magana. Ga wadda ta iya zayyana Aljanna baiti bayan baiti don koyarwa. Yanzu ga Bello ya rasu, yayanta, abokin shawararta, wanda suke musayar rubutu da shi. Da ta ga dama ai sai ta ce ta gan shi a fadar zinariya, kuma wallahi babu wanda zai musa wa 'yar Shehu. A cikin waɗanda na karanta ban ga ta yi haka ba. Abin da take yi shi ne ta faɗi raɗaɗin da take ji, ta kamanta kanta da maraya, sannan ta juya ga halayen mamacin, abin da ta gani da idonta: iliminsa, adalcinsa, yadda yake taimakon mutane. Da ta iso bakin kabari sai siffantawa ta ƙare, addu'a ta karɓa. Ta roƙa masa gafara da yalwar kabari, ta roƙi Allah Ya sada su a Aljanna. Sai ta rufe da salati, sau da yawa har da ramzin shekarar da aka yi waƙar. Roƙo take yi, kuma mai roƙo ya yarda ke nan cewa hukuncin ba a hannunsa yake ba.

Marsiyyar A'isha ce ta fi taɓa ni. A'isha 'yar Umaru Alkammu ce, aminin Shehu, kuma matar Bello, sun taso tare tun ƙuruciya, sun ga hijira tare, sun tsufa tare. Da ta rasu, Nana ta haura sittin. Da Larabci ta yi mata wannan waƙa, ba da Fulatancin da suka yi hirar rayuwarsu da shi ba. Na daɗe ina tunanin wannan. A ganina, wani ciwon idan ya yi yawa, harshen gida yakan yi kusa da yawa, sai mutum ya nemi wanda zai ɗan tsaya tsakaninsa da abin. Wataƙila kuma so ta yi ta ɗaga ƙawarta zuwa harshen da ake yi wa manyan malamai makoki da shi. A ciki har ta kare kukanta, ta nuna shari'a ba ta hana hawaye ba, kururuwa da ihu ta hana. Ku duba fa, babbar malama, wadda ta koya wa dubban mata haƙuri, tana kafa hujja don a bar ta ta yi kukan ƙawarta. Duk wanda aka taɓa ce masa ya yi shiru a gidan mutuwa tun hawayensa bai gama zuba ba, zai gane wannan.

Ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace ce kamar kowa, an yabe ta da kirki da riƙon zumunci. Ta yi wa Zaharatu, mai zuwa wurin mata idan naƙuda ta tashi, mai wankan gawa idan an yi rashi. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin masu jagorantar ayarin 'Yan Taru. Ba don waɗannan waƙoƙi ba, da babu wanda zai san an yi waɗannan mata a duniya. Nan ma salon bai canja ba: ga abin da ta aikata, ga roƙon da nake yi mata. Na tuna matan Kara da suka shigo suka yi wa kakata wanka, suka fita ba wanda ya rubuta sunansu. Irinsu ne Nana ta ga sun cancanci tawada.

Ita 'yar Ƙadiriyya ce, ta yi waƙoƙin tawassuli da na neman gafara, kuma mutanen Sakkwato suna ba da labaran karamominta har gobe. Amma a rubutunta da na gani, ba ta zauna tana ba da labarin abin da ta gani a halwa ko matsayin da ta taka ba. Bayan rasuwar Bello, ita da Giɗaɗo sun duƙufa wajen adana tarihin Shehu da na Bello, shi yana rubutawa da Larabci a zube, ita tana saƙawa a waƙe. Ta ba da labarin kowa, nata na ciki ta bar shi tsakaninta da Ubangijinta. Idan na haɗa wannan da zamaninmu, da mutum zai yi mafarki da asuba kafin hantsi ya hau TikTok da shi, sai in rasa abin cewa. Ni ma ai waya na lalubo.

Ba ina cewa ƙawata mai kimiyya ta yi kuskure ba. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce, tana da yadda take yi idan jiki ya raunana, kuma bincike a kan haka ilimi ne mai amfani. Ita ma mai cewa gaibu ne tana da gaskiyarta, don abin da mutum ya gani a gargara ba hujja ba ne a addini, ba a gina aƙida a kansa. Abin da na kasa samu a wurinsu duka shi ne wurin ajiye maganar kakata ba tare da an ƙaryata ta ko an mayar da ita wahayi ba. A wurin Nana na ga akwai irin wannan wuri. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gwada haske, ta gwada ƙamshin ruwan farko, ta ga duk ba su yi ba, ta tsaya. Da ta so burge ni da ta ƙarasa da ƙarya, kuma da na yarda.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara saba'in da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙaninta Isa, wanda ya mayar da waƙoƙinta da dama daga Fulatanci zuwa Hausa, yana cikin waɗanda suka yi mata irin abin da ta yi wa wasu. Ragamar 'Yan Taru ta koma hannun ƙanwarta Maryam, kuma a nan mu Kanawa muke da rabo, don Maryam ta zauna a Kano tana auren Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, kafin ta koma Sakkwato bayan rasuwarsa. Takardun Nana kuwa sun tsira a gidan Waziri, a hannun zuriyarta. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ya buɗe wa Jean Boyd su, ta fitar da tarihin rayuwarta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997. Abin kunya ne a ce da yawanmu sai ta hanyar fassarar Turanci muke fara saduwa da ita, alhali tsofaffinmu suna da irin karatunta a ka. Wanda yake da kaka a raye, don Allah hutun nan ya zauna kusa da ita.

Ranar sadakar arba'in na koma Kara. Da dare, bayan mutane sun watse, na kunna wa mahaifiyata muryar nan. Na zaci wurin hasken za ta ce in maimaita. Ta saurara har ƙarshe ba ta ce komai ba, sannan ta ce in mayar mata daidai inda tsohuwar ta yi dariya ta nemi ruwa. Sau uku na mayar mata.